Autan Inna Mai Ƙaho

Duk lokacin da aka taso da gardama a rediyo kan masu saya wa kyanwa abincin gwangwani alhali maƙwabcinsu bai ɗora tukunya ba, ni ba na tsoma baki. Jikokina suna ɗauka zancen ne ya fi ƙarfina. Ina jin su kawai. Ni da aka taɓa shanye wa ɗa madara a shekarar yunwa, kuma wanda ya shanye ɗin ƙanena ne mai ƙafa huɗu, ban ga wanda zai koya mini wannan gardama ba.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma ni kaɗai na rayu cikin abin da ta haifa. A wajenmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Kakata ce ta raine ni a can Shagari, a gida ɗaya da Inna, amma in Inna tana son ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, “A ɗebo ruwa.” Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Abin bai dame ni ba a lokacin, don haka kowace uwa take yi. Sai dai sauran mata suna da inda suke juye son da suka ɓoye wa ɗan fari, wato kan auta. Inna ba ta samu auta ba. Ta tara shagwaɓa fal cikinta, babu wanda za ta ba.

Bayan an kai ni ɗakin miji a Boɗinga, Baba kuma ya rasu, sai wata tunkiya a gidanmu ta haihu ta mutu ta bar ɗa. Inna ta ɗauke shi ta naɗe a zane, ta riƙa ɗura masa nonon akuya da ludayi. Ta ce da shi Auta. Ya tashi fari tas, ƙato, ƙahonsa ya murɗe har ya kusa taɓa ido. Mutanen unguwa kuwa Ɗan Kwangila suke ce masa, wai don ana biyansa tun kafin aiki, kuma ba wanda ya taɓa ganin aikin.

Shekarar da ɗana na fari ya isa yaye, ita ce shekarar da damina ta yi mana gardama, gab da soja su karɓe mulki daga hannun 'yan siyasa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya yana kallon sama. Rediyo kullum cewa take a tsuke bakin aljihu, mu kuwa mun tsuke har wando ya fara zamewa. Sabulu ya ɓace, sukari ya ɓace, madara ta zama abin da ake ba da labari. Maigidana manomin albasa ne a fadama, kuma albasa ba ta isa cira ba. Da aka zo maganar yaye ba wanda ya yi dogon tunani. Al'ada ta ce a kai yaro wurin kaka, dangin mijina kuma suka ƙara da cewa ai Shagari ba a yunwa, tunda mai mulkin ƙasar ɗan garin ne. Sun ɗauka shinkafa a kwata take gudu a can.

Ƙanwar mijina ta goya shi suka fita. Ni ina bakin turmi ina daka, ban ɗaga kai ba, don uwar mijina tana zaune tana kallona ta ga ko an yi mini tarbiyya. Yana ta miƙo hannu yana kuka har suka fita zaure. Nonona ya cika ya yi mini ciwo kwana da kwanaki, amma ciwon da ke ƙirjina ya fi na nonon. Yaron dama ba mai jiki ba ne, ƙyanda ta taɓa shi bai gama murmurewa ba, kuma tsoron da na kwana da shi na tashi da shi shi ne kada ya mutu a can ban ko tambayi lafiyarsa ba.

Maigidana shi ma ɗan farinsa ne, shi ma bakinsa a ɗaure yake. Wata rana ya tafi Sakkwato ya wuni a layin kayan masarufi, ya dawo da yagaggiyar riga da gwangwanayen madara a aljihu. Ya ajiye su a kan tabarma ya dubi rufin ɗaki.

“Ga wanga, ko da za a samu mai zuwa Shagari.”

Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa, tana bin kasuwanni. Na ba ta na ce a kai wa Inna, ban ƙara ko kalma ba. Na ɗauka ko makaho ya san wanda aka aika wa madara.

Da ta dawo ta shigo gidanmu tana tafa hannu, ta zauna kusa da uwar mijina.

“Ke, Autan uwakki ya zama abin kallo! Na ishe shi shina shan shayi. Shayi da madara, wallahi, har shina lumshe ido.”

“Wace madara?”

“Wadda kinka aiko mana.”

Na ce, “Sauran mutanen gida hwa?”

“Lahiya lau. Baffanki ma ƙahwa ta yi sauƙi.”

“Sauran hwa?”

“Kaji sun yi mura, amma sun warke.”

Ta san abin da nake nema, muguwar, sai da ta gama da kaji da jakin maƙwabta da rijiyar da ta ƙafe. Tana ɗaura kayanta za ta tashi ta ce, kamar abin da ta tuna a hanya, “Wancan ɗan baƙon nata ko ya ɗan zube. Amma ya iya kukan rago, ba ki rarrabe su.”

Ƙafar baffa da ta yi sauƙi, ni na mayar da ita ciwo. Da yamma na gaya wa maigidana an ce ƙafar baffa ta rikice, ya kamata a je a duba. Shi ma yana zaure lokacin da mai daddawa take labari, ya ji an ce ta yi sauƙi. Ya laluba aljihu ya ba ni kuɗin mota.

“A gaishe da ƙahwar,” ya ce. “A duba ta da kyau.”

Na shiga gidanmu da hantsi na tarar ana yi wa Auta wanka. Sabulu mai ƙamshi, irin wanda ni rabona da shi tun ina amarya, shi Inna take goga masa har kumfa na gangarowa ƙasa. Mu a Boɗinga da toka muke wanki. Ƙafafunsa huɗu sun sha lalle, an sa masa kwalli, ga laya a wuya an ɗinke ta da jar fata saboda baki. A ɗakin Inna har gidan sauro aka kafa masa, wai sauro na hana shi barci. Daga baya na gane inda kuɗin ke fitowa. Inna tana soya ƙuli-ƙuli tana sayarwa, ribar duk a bakinsa take ƙarewa, da ta daina isa sai ta fara sauke kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta ta bushe kamar kara.

A bakin ƙofar sashen Inna yaran maƙwabta ne a tsugune, sun yi shiru kamar masu jiran a idar da salla. Jira suke Auta ya gama cin dusarsa da aka kwaɓa da kanwa da garin ƙuli, ya juya baya, su faɗa wa akushin. Ina tsaye wata mata ta shigo da 'yar ƙwarya, wai a sam mata dusa za ta ba akuyarta. Kowa a unguwar ya san an sayar da akuyar tun kafin azumi. Inna ta ɗebo mata, amma daga buhun da Auta ya ƙi, ta kuma ce a gaida akuyar.

Sai na gan shi, yaron nawa. Yana zaune a gindin turke, ƙafafunsa sun kumbura, gashin kansa ya yi ja ya kwanta kamar gemun masara, wuyansa kamar ba zai ɗauki kan ba. Ya dube ni ya daɗe yana kallo. Bai yi kuka ba, bai miƙo hannu ba. Ya buɗe baki ya ce, “Meee.”

Matan gida suna tsakar gida, don haka na wuce shi kamar na wuce kaza. Na durƙusa na gaida Inna. Ba ta dube ni ba, ta kama kunnen ragon tana cuɗawa.

“Auta, ka yi baƙi. Ce musu sannu da zuwa. Ce musu ya anka baro mutanen Boɗinga.”

Wannan sabon abu ne. Da, bango take yi wa magana in tana nufina, kuma bango ba a gaya masa abin da ya wuce aike. Yanzu ta samu tafinta mai motsa kunne, har da gaisuwa. Na ga in ba ta nan ba, ba ta inda zan bi, sai ni ma na juya na fuskanci ragon.

“Auta, madarar da anka aiko, ta yi maka daɗi?”

“Ce mata ta yi. Ce mata in an samu sukari a haɗo.”

“Auta, ni na aza akwai wanda yaf fi ka bukata gidan ga.”

Inna ta watsa masa ruwa a baya da ƙarfi. “Tambaye ta, wa yat taɓa yaye ɗa da nono? An kawo shi shi mance nono, ita tana aiko mai nono cikin gwangwani. In ya ɗanɗana yat tuna, wa za ya lallashe shi, ni ko ita?”

“Auta, to ƙwai hwa? Ga kaji sun warke.”

“Ce mata ni ban renon ɓarawo.”

Haka lissafin Inna yake, kuma ba ita kaɗai ba, haka aka yaye ta, haka aka yaye ni. Madara tana tuna wa yaro nono. Ƙwai yana sa shi sata in ya girma. Nama yana sa tsutsar ciki, ƙuli yana ɗaure ciki. Duk abin da ke da maiƙo a gidan nan an gano illarsa ga ɗan mutum, ba a gano illarsa ga rago ba. Abin da ya rage wa yaro shi ne kunu tsararo da jiƙon sassaƙe mai ɗaci, shi kuwa ya rufe baki ya ƙi su.

Ba wai ba ta son sa ba ne, kada a yi mata ƙarya. Jika ne, ba kunya tsakaninsu. Tana goya shi, tana masa rawa, tana ce masa maigida, tana tsokanarsa wai mijin nan nata ba ya kawo cefane sai kumburin ƙafa. Ta karɓo masa rubutu wurin malamai har ƙwarya ta yi baƙi. Amma yaron ya duba gidan da ɗan hankalinsa ya gano doka: wanda ya yi kukan rago shi ake kawo wa abinci mai daɗi. Sai ya koya. In Inna ta juya baya yakan rarrafa ya sa kai cikin kwanon Auta, ya lashi shayin, ya dumbuzi dusa da ƙuli. Inna da ta ji kukan ya yi yawa sai ta koma wurin malam ta karɓo wani rubutun na hana kukan rago.

Ragon nan ba ya raga wa kowa. Ashe ciwon ƙafar baffa ma shi ne, ya tunkuye shi yana alwala. Ya taɓa kifar da mai tallan nono da ƙwaryarta. Amma yaron yana kama ƙahonsa ya miƙe tsaye, yana ja masa gemu, yana cusa kai cikin kwanonsa, shi kuwa sai ya matsa masa. Na gani da idona, kuma bai rage mini komai ba. Ban taɓa tsanar wata halitta kamar yadda na tsani ragon nan ba. In na ga kitsen gadon bayansa yana rawa sai in ji kamar in kama shi da haƙori. Har da kishi a ciki, ba zan ɓoye ba, don na ji Inna tana masa kirari da muryar da ban san tana da ita ba.

Na zauna jinyar ƙafar baffa, wadda ke zuwa gona kullum da kanta. Na koma ɓarauniyar rago. In Inna ta haɗa masa shayi ta shiga ɗaki, sai in tsiyaye rabi a kofi in ɗauki yaron mu ɓuya bayan rumbu. Can ne kawai nake iya rungume shi in shinshina kansa. Auta kuwa ya san ma'auninsa, in ya ga kwano bai cika ba sai ya tada gari da kuka. Inna ta fito ta duba kwanon ta duba sama.

“Auta, wa ka cin amanakka gidan ga? Ka bar shi da Allah.”

Sai dai na makara. Cikin yaron ya riga ya lalace, abin da ya shiga ba ya zama. Zawo ya kama shi, kumburin ya hau har fuska. Wata safiya aka kawo wa Auta shayi, yaron yana kwance a gindin turke, ya bi kwanon da ido bai motsa ba, bai ce meee ba. Ni da nake jin kukan nan kamar ana soka mini allura, ran nan na tsaya ina roƙon Allah in ji shi.

Na sa matar baffa ta goya shi muka je wurin malamin asibiti na garin. Ya danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ce wannan ya fi ƙarfin abin da ke cikin kabad ɗinsa, a kai shi Sakkwato yau, kuma a tafi da abin hannu don magani saye ake yi. Muka dawo gida. Baffa ba shi da ko tunkiya, albasar maigidana tana cikin ƙasa, kwanonin Inna sun tafi. Abu ɗaya ne a gidan nan da za a kai kasuwa a dawo da kuɗi, yana tsaye a turke da lalle a ƙafa yana tuƙa.

Na je na durƙusa gabansa kamar mai neman gafara wurin sarki. Na ce, “Auta, ka gaya ma uwakka,” sai maganar ta tsaya mini. Ya dube ni da idonsa mai kwalli ya yi gyatsa, warin madara ya buge ni. Wallahi ban san lokacin da na miƙe na juya ba. Na dubi Inna a tsakiyar ido, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni.

“Inna, ɗana za ya mutu.”

Matar baffa ta rufe baki da hannu, mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. 'Yar fari ta dubi uwarta ta ce “ɗana” a kan ɗan fari, a gaban jama'a. Da tsirara na fito da abin ya fi sauƙin mantawa. Inna ta kawar da kai ta dubi ragon.

“Auta, ka ji rashin kunya.”

Ta shige ɗaki. Na ɗauka shi ke nan. Can sai ga ta ta fito da mayafi, ta kwance shi daga turke, ba ta ko sa masa igiya ba, ta yi gaba ya bi ta.

Akwai wani ɗan siyasa a garin da ya daɗe yana aiko a sayar masa da Auta, don ya ɗaure shi ƙofar gida baƙi su gani. Can ta nufa. Yaran da suka bi ta sun ce sai da ta karanta wa mutumin sharuɗɗa kamar mai aurar da ɗiya: shayi da safe, wanka ran Juma'a, gidan sauro, kuma ba a yi masa tsawa. Ya amsa duka, ya biya. Ta dawo ta ajiye ƙullin kuɗin a kan turmi ta ce da turmin a yi shiri.

Muna ɗaure kaya sai muka ji ihu daga waje. Auta ne ya shigo a guje, ya tsaya a turkensa kamar wanda ya dawo daga masallaci. Bayansa ɗan siyasa, babbar riga a hannu, hula a karkace. Ashe an ɗaure ragon kusa da sabuwar motarsa, ya ga wani farin rago a jikin ƙofar motar mai sheƙi yana harararsa, ya tsinke igiya ya shiga dambe da shi. Ya gama da ƙofar ya koma fitila. Mutumin ya ce a ba shi kuɗinsa, kuma don Allah ya sa shi mai mutunci ne da sai an biya shi mota. Ya ɗauke ƙullinsa daga kan turmi ya fita. Yaran unguwa suna ta dariya har da faɗuwa, ni kuwa ina kallon inuwa tana gajarta, yaro a cinyar matar baffa ko ƙuda ba ya iya korewa.

Labari ya riga ya zagaya gari, babu mai kiwon da zai karɓi ragon da ke shan shayi yana fasa mota. Saura mutum ɗaya, kowa ya san shi, ba wanda ya iya faɗa. Inna ce da kanta ta ce da ragon, “Auta, aika a kira mahauci.”

Mahaucin ya zo ya zagaya shi, ya taɓa gadon baya, ya ce shi tunda ya gaji fawa bai taɓa yanka rago mai kwalli ba, yana jin kamar a fara tambayar waliyyinsa. Ba wanda ya yi dariya sai shi. Bai matse ta a ciniki ba, wannan na shaide shi. Inna ta ce masa ya wasa wuƙar a inda ba zai gani ba, ya ba shi ruwa tukuna, kuma kada a yi a unguwar nan. Ta tsuguna ta kwance layar wuyansa, ta zo ta ɗaura wa yaron, igiyar ta yi masa yawa sai da ta zagaya sau biyu. Ragon ya ƙi bin mahauci. Dole ita ta yi gaba har bakin mahauta, ya bi ta yana shinshinar gefen zanenta.

Da la'asar muka samu a-kori-kura mai zuwa Sakkwato. A Boɗinga na aika aka kira maigidana daga fadama, ya hau da taɓo a ƙafa, ya dubi abin da ke cinyata sau ɗaya ya mayar da kai gefen hanya. Ina ganin kafaɗarsa tana rawa har muka shiga gari.

A asibiti aka sa masa ruwa, aka rubuta magunguna muka saya. Da cikin ya fara tsayawa sai ma'aikaciyar ta kawo abin da za a riƙa ba shi: madara da sukari, garin gyaɗa, ƙwai. Na duba na ce a raina, ai wannan abincin Auta ne, dusa kawai aka manta. Ta tambaye ni abin da yake ci a gida, na gaya mata gaskiya tun daga kunu har kwanon rago. Ta ce to in gode wa ragon, don abin da yaron ya riƙa sata a kwanonsa shi ya riƙe shi har ya iso nan. Na so a bar mini ƙiyayyata cikakkiya, sai ga shi an gutsure ta.

Yaron ya ƙi kofi, ya ƙi cokali. Sai da na zuba a kwano na ajiye a ƙasa, ya sa kai. Wata safiya ana raba madara a ɗakin, aka fara da gadon can nesa, sai na ji daga bayana an ce, “Meee.” Matar da ke gado na kusa ta zabura tana a'uziyya. Ni kuwa na fashe da kuka da dariya a haɗe, ban damu da wanda ke kallo ba, don a ɗakin nan ba wanda ya san ɗan fari ne.

Da aka sallame mu, Shagari muka fara zuwa a nuna wa Inna maigidanta. Na tarar ashe har zaman ta'aziyya aka yi. An ce naman ya ƙare tun kafin magariba, wasu suna rantsuwa romon zaƙi gare shi kamar an sa sukari. Amma yaran da ke tsuguno a ƙofa sun rasa akushin da suke jira, tunda Inna ta daina sayen dusa. Matar nan mai akuyar da babu ita, an ce ta fi kowa kuka, kuma kukanta na gaskiya ne. Har yau in na ce almubazzaranci ne a shayar da rago madara a shekarar yunwa, ban janye ba. Sai dai ragon nan ya ciyar da yara fiye da wasu masu manyan riguna da na sani a lokacin.

Inna ta karɓi yaron ta juya shi, ta danna ƙafarsa, ta ce miji ya dawo ba tsaraba. Ni ba ta ce mini komai ba. Tafinta ya tafi, ni ma ban san ta inda zan gaishe ta ba. Muka wuni muna wuce juna a tsakar gida kamar baƙi a tasha.

Washegari da safe ina zaune bakin ƙofa na ji ƙarar cokali. Inna ce take haɗa shayi a kwanon nan nasa mai lotsattsen gefe, ta juye sauran madarar da ke gwangwani na ƙarshe. Hannunta ne ya saba. Ta ɗauko ta nufi turke, sai da ta isa ta tsaya. Ba komai a wurin sai guntun igiya da ƙasar da kofato ya tone. Ta daɗe a tsaye da kwano yana tururi.

Sannan ta juyo ta ajiye shi a gabana, ba ta dube ni ba, ta koma ta fuskanci turken.

“Gaya mata ta sha da zahi. Ta rame ƙwarai. In ta rage ta ba ɗan nata.”

Shi ne abu na farko da uwata ta taɓa ba ni da hannunta, kuma a kwanon rago ne. Na ɗauka na sha, hawaye na zuba a ciki. Na dubi turken na ce, “Ce mata na gode.”

“Ce mata ta shanye ta bar surutu.”

Baffa ya sha cewa a tuge turken nan, yana tuntuɓe da shi in ya fito alwala. Inna ba ta yarda ba, ni ma in na zo nakan duba ko gara ta ci shi in sa a tokare. Da shi muka ci gaba da magana har ta rasu.